Rawar Sitiyari a Motocin da Aka Ɗaga: Ina Tushenta, Ta Yaya Ake Gano Ta?

Da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga kaka, motocin da suka kwashe damina suna kutsawa cikin taɓon fadamun Auyo, Miga da Guri, ko rairayin Maigatari da Sule Tankarkar, sai su dawo kan kwalta da lodin shinkafa, riɗi da zoɓo. A daidai wannan lokaci ne ƙorafi iri ɗaya ke yawaita a garejoji. Mota na tafiya lafiya lau, ta taka ɗan rami ko bakin gada, sai sitiyari ya kama fizge-fizge hagu da dama, gaban motar gaba ɗaya ya ɗauki rawa, kuma ba za ta lafa ba sai an rage gudu ƙwarai, wani lokaci ma sai an tsaya cak. Mai faci zai ce taya ce. Bakanike zai ce ƙafa ce, wato ƙarafan da ke riƙe da taya a jikin mota. Mai sayar da kayan gyara zai miƙo sabuwar shokar sitiyari, ƙaramar shokar da ke shanye fizgar sitiyari, ya ce magana ta ƙare. Mai mota ya biya nan ya biya can, bayan 'yan kwanaki rawar ta dawo.

Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa kowannensu na da tasa gaskiyar. Ba kasafai abu ɗaya ke haddasa wannan rawa ba. Tana buƙatar abin da zai tsokano ta, kamar rami ko tayar da nauyinta bai daidaita ba. Tana buƙatar gaɓar da ta saki wadda za ta ba ta hanya. Sannan tana buƙatar ƙafar da ba ta da sauran ƙarfin kwantar da ita. Motar da ta fito daga kamfani an bar mata rarar da za ta jure ɗaya daga cikin waɗannan. Wadda aka ɗaga, aka sa mata manyan tayoyi, aka ƙara mata ganyen sifirin da ƙaton bamba na ƙarfe, an riga an cinye yawancin wannan rara tun kafin komai ya lalace.

Ba kowace girgiza ce wannan ba

Bincike daga bakin direba yake farawa, kafin a kwanta a ƙarƙashin mota. A wane gudu abin ke zuwa? Me ke tayar da shi? Me ke kwantar da shi? Amsoshin nan kaɗai sukan raba matsalar gida-gida.

Akwai karkarwar da ke shigowa sannu a hankali a kan lafiyayyar kwalta, galibi tsakanin kilomita 80 zuwa 110 a sa'a, kullum a gudu ɗaya, in an ƙara wuta ko an sassauta kuma sai ta ragu. Wannan ta taya ce da rim, nauyi ya rinjaya gefe guda. Akwai wadda ba a jin ta sai an taka birki, sitiyari da fedar birki su riƙa bugawa tare. Wannan farantin birki ne ya ci ba daidai ba. Akwai lilon da ake ji a ƙaramin gudu, 20 zuwa 30, sitiyari na kaɗawa sau ɗaya a kowane juyin taya. Nan sai a nemi rim da ya lotsa ko tayar da wayarta ta rabu a ciki ta yi ƙullutu. In kuwa a kujera da daɓen mota aka fi jin girgizar, ba a hannu ba, to a koma kan tayoyin baya da furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil.

Wadda ake magana a kanta a nan ba ta sallama. Mota na cikin gudu, yawanci daga 60 zuwa sama, taya ɗaya ta daki wani abu, nan take tayoyin gaba biyu su shiga kaɗawa hagu da dama sau da yawa a daƙiƙa guda, har na gefen hanya yana gani da idonsa. Hanya ta koma sumul amma rawar ba ta tsaya ba, domin a lokacin daga gudun motar take samun ƙarfi, kowace kaɗawa ita ke haifar da ta gaba. Shi ya sa rage gudu ne kaɗai ke kashe ta. Wanda ya kai karkarwar taya wurin mai sauya tayarod, wato sandar da ke juya tayoyin gaba, kuɗi kawai ya yi asara. Wanda ya ɗauki wannan rawa a matsayin matsalar balansin, wato daidaita nauyin taya, shi ne ya koma hanya da gaɓar da ke shirin ficewa.

Ƙafa iri biyu

Motocin shiga daji da ke yawo a karkarar Kano da Jigawa sun kasu biyu ta fuskar ƙafar gaba. Kashi na farko su ne masu aksil guda, wato ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe da ya haɗa tayar hagu da ta dama. Nan aka sami Land Cruiser 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984, da Land Cruiser 80 ta 1990 zuwa 1997, da tsofaffin Nissan Patrol da Land Rover Defender, da Suzuki Jimny, da Jeep Wrangler, da tsohuwar Hilux mai ganyen sifirin a gaba. Kashi na biyu su ne waɗanda kowace tayar gaba ke hawa da sauka ita kaɗai a kan hannuwanta, kamar Prado daga 1996 da Hilux daga 2005.

Rawar mai tsanani ta fi kama kashi na farko. Tunda aksil da tayarod sun ɗaure tayoyin biyu wuri guda, dukan da ɗaya ta sha yana isa ga ɗayar. Idan gefe ɗaya ya tashi, aksil ɗin duka ya karkata, tayar da ke juyawa da sauri kuwa in aka karkatar da ita takan nemi ta waiwaya gefe. A masu sifirin mai naɗi, abin da ke hana aksil zamewa hagu ko dama sanda ce guda ɗaya tak da aka gicciya daga shasi zuwa aksil. Bushin biyu, wato robobin da ke cikin mahaɗa, da noti biyu na wannan sandar gicciye su ke riƙe da gaban motar gaba ɗaya ta gefe. Idan akwai wasa a wurin, ko na milimita ɗaya ko biyu ne, aksil zai zame, zamewar kuma za ta ja sandar sitiyari ta juya tayoyi ba tare da direba ya taɓa komai ba. A masu ganyen sifirin, ganyen ne da bushin ɗinsa da shakul (maratayin ƙarshen ganyen) da yu-bol (lanƙwasassun notin da ke ɗaure shi da aksil) ke wannan aiki.

Masu ƙafa mai zaman kanta ba safai suke irin wannan mummunar rawa ba. Nasu ya fi zuwa a karkarwa, ƙwanƙwasa, da fizgar sitiyari a gargada, daga boljoyin (gaɓar da taya ke waiwayawa a kanta), bushin lowa-am (hannun ƙasa da ke riƙe taya) ko rak (sandar haƙoran sitiyari) da ya saki.

Abin da ɗaga mota ke sauyawa

Ba don ado kaɗai ake ɗaga mota a nan ba. Wanda ke shiga gonakin Kadawa ko hanyoyin Kirikasamma da damina ya san abin da ake nufi da cikin mota ya zauna a kan tudun da taraktoci suka bari a tsakiyar hanya. Amma duk santimitar da aka ƙara a sama, akwai kusurwar da ta gurɗe a ƙasa.

Mafi muhimmanci ita ce kasta. A dubi fok ɗin keke: bai miƙe tsaye ba, samansa ya kwanta baya, kuma wannan kwanciya na cikin abin da ke sa tayar gaba ta miƙe da kanta har yaro ya saki hannu keke ya ci gaba da tafiya. Haka aka yi wa mota. Layin da taya ke waiwayawa a kansa an kwantar da samansa baya da 'yan digiri, galibi ƙasa da 6 a irin waɗannan motoci. Ita ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana, ita ke riƙe mota a layi.

Ga abin da ke faruwa a mota mai dogayen hannuwa da ke riƙe aksil daga baya, irin Land Cruiser 80 da Patrol. Idan aka sa sifirin mai tsawo, shasi ya tashi, gindin hannun ya bi shi sama, sai aksil ya mirgina gaba. Lissafin ba wuya: hannu mai tsawon mita 1, in aka ɗaga gindinsa da santimita 5, wato inci 2, ya karkata da kusan digiri 3. Motar da dama digiri 3 ko 4 gare ta, ta tashi kusan a tutar babu. Alamarsa a hanya ita ce sitiyari ya yi sakayau, mota ta riƙa yawo tana bin sawun da manyan motoci suka bari a kwalta, in an sha kwana kuma sai direba ya mayar da kan da hannunsa. A mota mai ganyen sifirin wadda shakul ɗinta ke gaba, tsawaita shakul ma haka yake cin kasta.

Akwai wata hanya da ake asarar kasta ba tare da an taɓa gaban mota ba, kuma ita ta fi yawa a akori-kurar da ke dakon hatsi. Ana ƙara ganyen sifirin biyu ko uku a baya don ta ɗauki buhuna fiye da ƙa'ida. Da lodi, motar ta daidaita. Ba lodi, bayanta ya ɗage, hancinta ya sunkuya. A motar da ke da tazarar kusan mita 3 tsakanin tayar gaba da ta baya, ɗaga baya da santimita 8 na sunkuyar da ita da kusan digiri ɗaya da rabi, kuma daga kasta za a cire wannan. Wannan na iya zama dalilin da direba zai ce da kaya lafiya ƙalau take zuwa kasuwa, sai a hanyar dawowa ba kaya take masa rawa. Ba kuwa ana nufin a yi ta ƙara kasta ba iyaka ba. Yawanta fiye da kima, musamman da manyan tayoyi, shi ma yana iya tayar da kaɗawa ya kuma sa sitiyari nauyi. Adadin da kamfani ya rubuta ake nema.

Sai sandar gicciye da doguwar sandar da ke ɗauko juyi daga akwatin sitiyari. Kamfani ya jera su ne kusan a layi ɗaya domin su hau su sauka tare. Bayan ɗagawa dukansu sun ƙara tsayuwa, aksil ya ɗan zame gefe guda, in kuma aka sauya mazaunin ɗaya aka bar ɗayar, to duk ramin da aka taka sai ya juya sitiyari. Bushin na roba kuma sun zauna a murɗe ko mota na tsaye, don haka ba sa daɗewa.

Sifesa, wato farantin da ake sawa a bayan rim, da rim masu turo taya waje suna ƙara nisa tsakanin inda taya ke taka ƙasa da inda take waiwayawa. Dukan rami ya sami dogon hannun da zai murɗa sitiyari da shi, boris kuma ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Sifesar da aka yanka a wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ba tare da leɓen da zai zaunar da rim a tsakiya ba, ita kanta tushen karkarwa ce. A masu ƙafa mai zaman kanta kuwa, ɗaure toshin-ba, wato sandar da ke aikin sifirin, ko cusa sifesa a saman shoka na tura boljoyin da tayarod ƙarshen iyakarsu, robar shaf ta yage da wuri.

Taya: ƙaramin nauyi, babban duka

Tayar da aka rubuta wa 265/70R16 tsayinta kusan milimita 777 ne. Mai 285/75R16, wadda ake yawan maye gurbinta da ita, kusan 834. Bambancin ya kai kashi 7 cikin 100, wato in allura ta nuna 100 motar na kan 107. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba ƙananan motoci 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, ke nan mai manyan tayoyi yakan wuce iyaka yana zaton yana ciki.

A gudun kilomita 90, irin wannan taya na juyawa kusan sau 10 a daƙiƙa. A ce busasshen taɓo mai nauyin giram 200 ya manne a cikin rim, santimita 20 daga tsakiya. A wannan gudu yana fizgar taya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 16, sau goma a kowace daƙiƙa. A gudun 45 kilo 4 ne kawai, domin in gudu ya ninka, fizgar sau huɗu take ninkawa. Wannan ya sa motar da ta wuni a fadama ba ta nuna komai sai ta hau titin Haɗeja ko na Gumel. Lakar fadama in ta bushe a bayan rim ba a ganinta daga waje, kuma bokitin ruwa da sanda sun isa maganinta.

Sauran abubuwan da ke ɓata nauyin taya sanannu ne: ƙaton faci da aka liƙa a ciki, tif da aka cusa a tayar da ba ta tif ba ya naɗe, dalmar balansin da ta faɗi a gargada, da tayoyi biyu na gaba masu kamfani ko girma daban. Iska ma na da nata. Ana rage ta don a ratsa rairayi a manta ba a mayar ba, ko mai faci ya ɗura ta da yawa yana auna ta da dukan ƙarfe. Adadin da ya dace na nan a liƙe a jikin ƙofar direba ko a littafin mota, kuma da geji ake aunawa taya na sanyi.

Yadda ake bincike

Tsarin da ya fi tsimi shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A wanke ƙasan mota da cikin rim sarai, domin taɓo na ɓoye tsaga. A auna iska. A duba notin taya. Sannan a mayar da tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba, a gwada. In karkarwar ta bar hannu ta koma kujera, an kama mai laifi ɗaya.

Gwajin da ya fi kowanne fallasa gaɓar da ta saki ana yin sa ne mota na ƙasa, a daɓe mai tauri, da mutum biyu. Maigidan gareji ya shimfiɗa kwali ya kwanta a gaba, yaronsa na kan kujerar direba.

"Kai, kaɗa a hankali. Kada ka juya taya, wasan kawai nake so."

"To, Oga."

Mai motar ya leƙo. "Malam, ba za a ɗaga ta a jak ba?"

"Tukuna, Alhaji. Sai da nauyinta a ƙasa take faɗin gaskiya."

Dalilinsa shi ne tayar da ke danne a ƙasa ba ta son motsi, don haka duk ƙarfin da yaron ya sa zai bi ta cikin gaɓoɓin ya nemi inda ya saki. Bakaniken na bin su ɗaya bayan ɗaya daga akwatin sitiyari zuwa taya, yana ɗora yatsa a kan mahaɗa yadda zai taɓa ɓangarorin biyu lokaci guda. Lafiyayyen tayarod tare yake motsi da abin da aka ɗaura shi a kai. Wanda ya mutu sai an ji ɗan tsalle ko ƙas a yatsa kafin ɗaya ɓangaren ya biyo. A sandar gicciye, kan notin yake kallo. In kan noti na motsi a jikin mazauninsa, ko an ga jan garin tsatsa ya zubo daga wurin, ko wani ɗan sheƙi mai siffar jinjirin wata a gefen zoben da ke ƙarƙashin notin, to notin ya daɗe yana yawo, kuma mai yiwuwa ramin ya faɗaɗa ya daina zama da'ira. Sabon bushin a faɗaɗɗen rami bai gyara komai ba, sai an gyara mazaunin. Daga nan ya duba notin da suka ɗaure akwatin sitiyari da shasi, da jikin shasin a kewayen wurin, domin manyan tayoyi kan tsaga shi. In akwatin da kansa na motsi yayin da yaro ke kaɗawa, an sami babbar matsala.

Bayan wannan ne jak ke shigowa, tare da abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, yaro ya taka birki a sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ɗin taya ne. Yana nan, boljoyin ne ko boris ɗin kingfin, wato waɗanda taya ke waiwayawa a kansu. A kama ta hagu da dama, wannan na nuna tayarod ko rak. Sai a kafa ƙarfe ko bulo dab da taya a juya ta da hannu, ana kallon ratar da ke tsakani daga gaba da kuma daga gefe. Ratar da ke buɗewa tana rufewa ta nuna lotsattsen rim ko tayar da ta kumbura.

A Toyota da Patrol masu aksil guda akwai wurin da ake yawan tsallakewa. Ƙullin da taya ke waiwayawa a kansa na zaune ne a kan ƙananan boris biyu, sama da ƙasa, waɗanda aka matse da gangan ta hanyar siraran faranti. Wannan matsi shi kansa birki ne ga rawa. Idan aka cire tayarod aka juya ƙullin da hannu, kamata ya yi a ji ɗan nauyi mai santsi daga farko har ƙarshe. In yana lilo sakaka, matsin ya tafi. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin ya yi gurbi. Littafin gyaran motar ya faɗi adadin, kuma da ƙaramin ma'aunin rataya ake auna shi. Baƙin giris da ke dalala a bayan ƙullin alama ce cewa an daɗe ba a buɗe wurin ba. Notin da ke ɗaure hannun sitiyari a jikin ƙullin su ma sukan saki, kuma in suka karye sitiyari ya rabu da taya ke nan.

Alaimen shi ne na ƙarshe, ba na farko ba, domin auna ƙafar da ke wasa ɓata kuɗi ne. Mai mota kuma ya sani cewa a aksil guda, abin da mai alaimen ke iya gyarawa da sifana shi ne tsukewar tayoyi ta gaba kawai. Kasta ba ta da notin juyawa. Sai da bushin na musamman, ko farantin gyara, ko hannuwan da aka ƙera don motar da aka ɗaga, ko ɗan ƙarfe mai gangara da ake sawa tsakanin ganyen sifirin da aksil. Don haka "an yi alaimen" ba ya nufin an duba kasta. A nemi a ga lambar a na'ura.

Inda masu gyara suka saɓa

Masu cewa taya ce suna da hujja mai ƙarfi: sau da yawa ana sa sababbin tayoyi rawar ta ɓace. Masu cewa ƙafa ce suna amsawa da cewa an kawar da mai tsokana ne kawai, gaɓar da ta saki na nan tana jiran tayoyin su ɗan ci. Kashi na uku, waɗanda suka fi sanin motocin da aka ɗaga, na ganin ko an sabunta komai, muddin kusurwoyin na gurɗe to sababbin kayan ma ba za su daɗe ba. Abin da bincike a gareji ke yawan nunawa shi ne ƙananan wasa a wurare uku ko huɗu, babu wanda shi kaɗai ya isa, amma haɗuwarsu ta isa.

Saɓanin ya fi zafi a kan shokar sitiyari, wato ƙaramar shokar da ke kwance a jikin sandar sitiyari. Wannan muhawara ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A Amurka, bayan ƙorafe-ƙorafe da ƙararraki a kan Jeep Wrangler, kamfanin Fiat Chrysler ya sanar a 2019 cewa zai sauya wa masu ƙirar 2018 da 2019 wannan shoka kyauta. Matsayin kamfanin shi ne duk mota mai aksil guda na iya yin wannan girgiza, kuma aikin shokar ke nan ta shanye ta. Masu suka suka ce rufe ciwo ne ba magani ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa. Shokar na cikin ƙirar motar, wadda ta zubar da mai ko ta yi laushi dole a sauya ta. Amma a tsohuwar motar da ta sha gargada, ɗaura sabuwa ko ma guda biyu a kan mataccen tayarod, an bar jaki ne ana dukan taiki. Direba ya daina jin gargaɗin a hannunsa, gaɓar kuma na ci gaba da cinyewa.

Akwai kuma masu cewa a mayar da mota yadda kamfani ya yi ta a huta. Ga wanda yawancin tafiyarsa a kwalta take, wannan shi ne mafi araha. Ga wanda abincinsa ke cikin fadama, ɗagawa kaɗan da aka haɗa da gyaran kasta da sandar gicciye mai daidai tsawo na iya tafiya lafiya. Matsalar ita ce yawanci rabin aikin ake saye, a sa sifirin da tayoyi domin su ake gani, a bar sauran.

Abin da ya shafi aljihu da rayuka

Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, kayan gyara na asali sun yi tsadar da ta tura masu motoci da yawa ga na gwanjo da na jabu. Tayarod na gwanjo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na iya zama mai kyau, yana iya zama wanda ya riga ya gama aikinsa a wata ƙasa, kuma matsa shi da hannu a shago ba ya nuna yadda zai yi a ƙarƙashin tan biyu. Tsofaffin tayoyi na cikin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, amma kasuwa cike take da su. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya na faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

Mafi haɗari su ne dabarun tsimi da ake yi wa sassan sitiyari: bubbuge kwanon boljoyin da guduma don ya matse, cusa yankin tif a madadin bushin, miƙe tayarod da wuta, ko yi masa walda. Duk suna kashe wasa na ɗan lokaci, kuma duk suna iya sakin taya gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Ranar Alhamis a hanyar Maigatari, ko Lahadi a Gujungu, ko Juma'a a Wudil, gefen titi cike yake da babura, amalanke da dabbobi, bayan akori-kura kuma sau da yawa mutane ne a kan kaya.

Direban haya na cikin tsaka mai wuya. Ya san gudun da rawar ke zuwa, sai ya koyi kauce masa ya yi shiru don kada a ce shi ya lalata mota. Kowace rawa kuwa na dukan duk gaɓoɓin gaba, ta faɗaɗa ramukan noti, ta ci taya gurbi-gurbi, har gyaran bushin biyu ya koma gyaran ƙafa sukutum. Mai sayen motar da aka riga aka ɗaga shi ma ya lura: sabuwar shokar sitiyari mai sheƙi a tsakiyar tsofaffin ƙarafa abin tambaya ce.

In ta kama a hanya, da bayan gyara

A riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da kokawa da shi ba, a ɗaga ƙafa daga totur, a guji dannan birki da ƙarfi, a bar gudu ya sauka a gangara gefe. Ƙara wuta don a "wuce" rawar caca ce. Bayan an tsaya a duba notin taya da sandunan sitiyari kafin a ci gaba, a ƙaramin gudu, zuwa gareji mafi kusa.

Wajen gyara, a riƙa sauya abu ɗaya ana gwadawa a hanya ɗaya da gudu ɗaya, lokacin da hanyar ba mutane, da lodi da kuma ba lodi, in ba haka ba ba za a san abin da ya yi aiki ba. Notin da ke ratsa bushin na roba ba a ƙarasa ɗaure su mota na rataye a jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni. Notin taya da na sifesa a sake bin su bayan kilomita 50 zuwa 100 na farko. Yu-bol da notin sandar gicciye kuma a sake ɗaure su bayan zuwa kasuwa biyu ko uku a kan burji, domin sabon ganyen sifirin da sabon bushin sukan zauna su bar rata.